Karatu Haɗe da Hidima a Ƙasashen Waje: Asalinsa, Tsarinsa da Muhawarar da Ke Kansa

Karatu haɗe da hidima tsari ne na koyarwa a jami'a wanda ɗalibi ke yin aikin sa-kai a cikin al'umma a matsayin wani ɓangare na kwas ɗin da yake ɗauka, a kuma ba shi maki a kai kamar kowane darasi. Idan aka ce na ƙasashen waje, ana nufin ɗalibin ya bar ƙasarsa ya tafi wata, ya zauna na wasu makonni ko zangon karatu guda, yana shiga aji, yana kuma aiki tare da wata makaranta, asibiti, ƙungiyar manoma ko ƙungiyar mata ta wurin. Tsarin ya fi ƙarfi a jami'o'in Amurka, sannan Kanada, Birtaniya, Ostireliya da wasu ƙasashen Turai da Asiya. Wuraren da aka fi kai ɗaliban kuwa su ne Latin Amurka, Afirka da kudu maso gabashin Asiya.

Abubuwa uku ne ke riƙe da tsarin. Na farko karatu, wato littattafai, laccoci da rubuce-rubucen da malami ya tsara. Na biyu hidima, wato aikin da ake yi wa mutanen wurin ko ake yi tare da su. Na uku bita, inda ɗalibi ke zama ya auna abin da ya gani da abin da ya karanta, a rubuce ko a tattaunawa. Wannan na ukun shi ya raba tsarin da yawon buɗe ido na sa-kai, wanda kamfanoni ke sayar wa matafiya ba tare da wani darasi ba. Ya kuma bambanta da koyon aiki a ma'aikata, domin a can manufar ita ce ɗalibi ya goge a sana'arsa. A bisa ƙa'ida, makin da ake bayarwa na abin da ɗalibi ya nuna ya fahimta ne, yawan sa'o'in da ya yi yana aiki ba ya cikin ma'auni.

Asalin tsarin

Tushen tunanin yana komawa ga John Dewey, masanin falsafar ilimi ɗan Amurka, wanda ya yi rubuce-rubuce a farkon ƙarni na 20 yana cewa mutum na koyo ne idan ya aikata abu sannan ya yi nazari a kan abin da ya aikata. A 1984 David Kolb ya fasalta wannan a matakai huɗu masu zagayawa: a fuskanci abu, a yi nazarinsa, a fitar da ma'ana, a gwada ma'anar a aikace. Da yawa daga cikin kwasa-kwasan yau a kan wannan zagaye aka gina su.

Ɓangaren tafiye-tafiye kuma yana da nasa tarihin. A 1932 Donald Watt ya fara kai matasan Amurka ƙasashen waje su zauna a gidajen iyalai maimakon otal. A 1958 aka kafa ƙungiyoyi biyu masu muhimmanci: VSO a Birtaniya, wadda Alec Dickson da matarsa Mora suka assasa, da Operation Crossroads Africa ta Rabaran James Robinson, wadda ke kai ɗaliban Amurka ƙasashen Afirka su yi aikin gini tare da takwarorinsu. A 1961 Shugaba John Kennedy ya kafa Peace Corps, kuma Gana ce ƙasar farko da 'yan sa-kanta suka sauka. Duk waɗannan ba kwasa-kwasan jami'a ba ne, amma su suka share fage.

Sunan da ake kiran tsarin da shi a Ingilishi ya fito ne a 1967 daga Robert Sigmon da William Ramsey, waɗanda ke kula da ɗalibai masu aikin raya karkara a jihohin kudu na ƙasar Amurka. Shekara guda bayan haka, a 1968, Kwalejin Goshen ta jihar Indiyana ta buɗe zangon karatu da hidima a ƙasashen waje, wanda har yau ake buga misali da shi. A 1985 shugabannin jami'o'in Brown, Georgetown da Stanford, tare da wata hukumar ilimi ta jihohi, suka kafa Campus Compact domin cusa hidimar al'umma a rayuwar jami'a, sannan dokar hidimar ƙasa da al'umma ta 1990 ta buɗe ƙofar tallafin gwamnatin tarayya. Daga nan kwasa-kwasan suka yawaita, a gida da waje.

Alƙaluman Cibiyar Ilimin Ƙasa da Ƙasa ta IIE sun nuna cewa a shekarar karatu ta 2018/2019 ɗaliban Amurka 347,099 ne suka yi karatu a waje suka sami maki. Wannan adadi ya haɗa kowane irin karatu, masu hidima wani kaso ne kawai a ciki. Amma akwai abin lura: kusan kashi biyu cikin uku na ɗaliban gajerar tafiya suka yi, ta hutun bazara ko wadda ba ta wuce mako takwas ba. Gajartar lokaci na daga cikin manyan abubuwan da ake jayayya a kansu.

Yadda ake tsara kwas

Kwas mai inganci yana da matakai uku. Kafin tafiya ana koya wa ɗalibai tarihin ƙasar, siyasarta, tattalin arzikinta da wani abu na harshenta, a kuma yi musu bayani a kan lafiya, tsaro, sutura da ladabin shiga mutane. A lokacin zama ana raba mako tsakanin aji da wurin aiki, ɗalibi yana rubuta abin da ya gani a littafinsa kullum, malami yana tara su lokaci-lokaci a tattauna. Bayan dawowa ana rubuta rahoto ko maƙala, a gabatar a gaban malamai, a aika wa masu masauki kwafi.

Tsarin Goshen ya nuna wannan a fili. Ɗalibai kan tafi tare da malami daga kwalejin. Mako shida na farko suna babban birni, kowa a gidan wani iyali, suna karatun harshe, tarihi da al'adu. Mako shida na biyu sai a warwatsa su ƙananan garuruwa da ƙauyuka, ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu, wani a makaranta, wani a gona, wani a ɗakin shan magani, kowa kuma a hannun wani sabon iyali. Hikimar jerin ita ce ɗalibi ba ya fara aiki sai ya iya gaisuwa, ya san yadda ake cin abinci, ya fahimci wanda ake tuntuɓa kafin a yi abu. Ƙasashen da kwalejin ta kai ɗalibanta sun haɗa da Kosta Rika, Jamaika, Peru, Kodebuwa, Senegal da Tanzaniya.

Kwalejin fasaha ta Worcester a jihar Massachusetts ta bi wata hanya. Ana haɗa ɗalibai uku ko huɗu, su yi zango guda a gida suna shiri, sannan su yi mako bakwai a ɗaya daga cibiyoyinta na waje, irin su Windhoek, Kef Tawun, Bankok ko Benis, suna bincike a kan wata matsala da hukuma ko ƙungiyar wurin ta gabatar. A nan hidimar ita ce binciken kansa, kuma mai matsalar shi ya zaɓi abin da za a bincika.

Ƙasar Hausa ma ta karɓi irin waɗannan baƙi. Jami'ar Boston ta gudanar da shirin karatu a Yamai fiye da shekara ashirin, inda ɗalibai ke koyon Faransanci da Hausa ko Zabarmanci, suna karanta darussan raya ƙasa, ana kuma tura kowa wani wurin aiki a cikin gari, wasu a asibiti ko makaranta, wasu wajen masu sana'ar hannu. An dakatar da shirin a farkon 2011, bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai, kuma a lokacin ne Peace Corps ta janye daga Nijar, inda take aiki tun 1962.

Bita ita ce wurin da ake gane gwanintar malami. Ɗalibar kiwon lafiyar al'umma da ta ga mata masu juna biyu ba sa zuwa awo, za ta iya rubuta cewa rashin wayewa ne. Aikin malami shi ne ya mayar mata da takardar da tambayoyi: kilomita nawa ne daga ƙauyen zuwa asibiti, nawa ne kuɗin mota, wa ke ba da izinin fita, wa zai riƙe yara da girki, yaya ma'aikata ke karɓar mace idan ta zo? Idan ta koma ta tambaya, sai ta ga matsalar ta shafi hanya, kuɗi, iko a cikin gida da halin ma'aikata, sannan abin da ta karanta a littafi ya sami wurin zama. Idan babu wannan matakin, ɗalibi kan dawo gida da tsohon zatonsa, har ma ya ƙara ƙarfi, domin yanzu yana iya cewa ya gani da idonsa.

Abin da ɗalibi ke samu

Bincike ya fi yawa a wannan ɓangare, kuma sakamakonsa ya fi tabbata. Janet Eyler da Dwight Giles, a littafinsu na 1999, sun nuna cewa ɗaliban da aka haɗa musu hidima da karatu da kyau sun fi fahimtar sarƙaƙiyar matsalolin jama'a, sun kuma fi iya amfani da abin da suka karanta. Sun jaddada cewa ingancin wurin aiki da yawan bita su ne ke kawo bambancin. Ga wanda ya fita waje akwai ƙarin riba: harshe yana zama a baki, ana koyon haƙuri da zama da wanda ba a saba da shi ba, wasu kuma a nan suke gane sana'ar da za su bi.

Sai dai ribar ba ta zuwa salin-alin. Richard Kiely ya bi diddigin ɗaliban Amurka da suka yi irin wannan kwas a Nikaraguwa, ya gano cewa da yawa sun dawo da sauyin tunani mai zurfi a kan talauci da rayuwar ƙasarsu, amma sun sha wahalar mayar da wannan sauyi ya zama aiki, saboda dangi da abokai ba su ga abin da suka gani ba. Shi ya sa ake ɗaukar shirin bayan dawowa da muhimmanci kamar na kafin tafiya.

Ƙorafe-ƙorafe

Suka ta fara tun tsarin yana ƙarami. A watan Oktoba na 1961 wata 'yar Peace Corps da ke karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta rubuta wa wani abokinta katin wasiƙa tana kwatanta ƙazanta da koma-bayan da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗaliban Nijeriya, aka yi zanga-zanga, dole ta bar ƙasar. A 1968 kuma, Ivan Illich ya tsaya a gaban ɗaliban da ke zuwa Meziko aikin sa-kai ya ce musu kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Ya shawarce su su zo su gani, su yi karatu, su ji daɗin ƙasar, amma su bar zancen taimako, tunda ba su san harshen waɗanda suke son taimaka wa ba balle halin da suke ciki. Har yau malamai da yawa na sa ɗalibai karanta wannan jawabi kafin su tashi.

Ƙorafin farko shi ne rashin ƙwarewa. Ɗalibin da bai taɓa riƙe cokalin gini ba, idan aka ba shi aikin ɗora bulo, yana iya tare wa maginin garin hanyar abincinsa, kuma ginin ba zai yi ƙarko ba. Kuɗin jirgin mutum ɗaya kan isa a biya ma'aikata da dama ladan aikin gaba ɗaya. Na biyu shi ne rashin ɗorewa. Ajin da ake sauya masa malami duk bayan mako uku yakan yi ta maimaita darasin farko. Famfon da aka kafa ba tare da an koya wa kowa gyaransa ba, ba a kuma tanadi kuɗin kayan gyara ba, yana tsayawa ba da jimawa ba.

Abin da ya fi muni ya bayyana a gidajen marayu. Wani rahoto da UNICEF ta tallafa a Kambodiya a 2011 ya nuna cewa yawan gidajen ya ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010, kuma kusan uku cikin huɗu na yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Kuɗin baƙi ya sa wasu suka mayar da gidajen kasuwanci, suna karɓo yara daga iyaye matalauta da alƙawarin karatu. Ko a gidan da ake riƙon gaskiya, yaron da ke shaƙuwa da baƙo yau, gobe baƙon ya tafi, yana cutuwa a zuci. A 2018 Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta amince cewa safarar yara zuwa irin waɗannan gidaje wani nau'i ne na bautar zamani, kuma jami'o'i da yawa sun daina tura ɗalibai can.

Harkar lafiya ma tana da haɗarinta. An sha samun ɗaliban da ba su ma shiga makarantar likitanci ba ana ba su damar yin allura, ɗinke rauni ko karɓar haihuwa a asibitocin da ke fama da ƙarancin ma'aikata, alhali a ƙasarsu doka ba za ta bar su su taɓa majinyaci ba. Sai kuma batun hoto: hotunan yara da marasa lafiya da ake ɗorawa a Facebook da Instagram ba tare da izini ba, waɗanda ke nuna baƙo a matsayin mai ceto, mutanen gari kuma a matsayin abin tausayi.

Akwai kuma rashin daidaito a tafiyar kanta. Kuɗin da ɗalibi ke biya kan kai dubban daloli, kuma kaso mai yawa na tafiya ne a jirgi, inshora da gudanarwa, abin da ke sauka hannun masu masauki kaɗan ne. Tsadar kan hana 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi zuwa, abin da ya sa Jami'ar Duke ta kafa shirinta na DukeEngage a 2007 da gudummawar dala miliyan 30 domin ɗauke wa ɗalibai nauyin. Sannan hanyar kusan ɗaya ce: ɗalibin Boston na shiga Akra ko Dakar cikin sauƙi, takwaransa na can kuwa samun biza kaɗai babban aiki ne.

Ƙoƙarin gyara

Tun a 1979 Sigmon ya shimfiɗa sharuɗɗa uku: waɗanda ake yi wa hidima su ne masu iko da ita, su ƙara samun ƙarfin tsayawa da ƙafafunsu a dalilinta, masu hidimar kuma su san cewa su ma koyo suka zo yi. Gyare-gyaren da suka biyo baya faɗaɗa waɗannan sharuɗɗa ne. A 2001 aka kafa Forum on Education Abroad, wadda ke fitar da mizanin ingancin karatu a waje. A 2010 wasu masana suka buga ƙa'idojin horon ɗaliban lafiya a ƙasashen waje, waɗanda suka hana ɗalibi yin abin da ya wuce matsayin horonsa. Ƙungiyar Amizade ta Pittsburgh, tare da wata ƙungiyar al'umma a garin Petersfield na Jamaika, ta fito da tsarin da ta aro masa suna daga ciniki na adalci, inda mutanen gari ke zaɓar aikin, a biya masu masauki haƙƙinsu, a kuma bayyana wa kowa yadda aka kashe kuɗi.

Daga waɗannan za a iya tattara alamomin kwas mai kyau. Hulɗar jami'a da garin ta kasance ta shekaru, rukuni na ɗorawa daga inda na baya ya tsaya. Mutanen wurin su shiga tsara darasi, a ɗauke su a matsayin malamai, a biya su. Kada ɗalibi ya karɓe aikin da ɗan gari ke cin abinci da shi. A mayar da sakamakon bincike ga masu shi da harshen da suke ji. A tanadi gurbi domin ɗaliban ƙasar su ma su kai ziyara. A ƙarshe a tambayi masu masauki ko sun amfana, kuma su sami ikon cewa a dakata.

Gwajin ƙasashen da ke karɓar baƙi

Ƙasashen da ake kai ɗalibai suna da nasu daɗaɗɗen tsarin. A Meziko an fara tura ɗaliban likitanci karkara tun 1936 a ƙarƙashin jagorancin Dokta Gustavo Baz, kuma a yau ana buƙatar aƙalla sa'a 480 na hidimar al'umma kafin a ba ɗalibi shaidar kammalawa. Indonesiya ta fara tura ɗaliban jami'a zama a ƙauyuka tun farkon shekarun 1970. Afirka ta Kudu ta sa hulɗa da al'umma cikin manufofin ilimi mai zurfi a 1997. Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa ta Tamale a arewacin Gana, wadda aka kafa a 1992, tana ware zango na uku na shekara domin ɗalibai su zauna a ƙauye su yi nazarin buƙatunsa tare da mutanensa. Hidimar ƙasa ta NYSC da Nijeriya ta fara a 1973 tana da kusanci da wannan, sai dai ita bayan kammala digiri ake yin ta, ba a kuma haɗa ta da darasi.

Muhimmancin wannan shi ne jami'ar da ke son tura ɗalibanta waje tana da abokan aiki a shirye. Idan aka haɗa ɗalibi baƙo da ɗalibin ƙasar a rukuni ɗaya, matsalar harshe na raguwa, kuskuren al'ada na raguwa, aikin kuma yana da mai ci gaba da shi bayan baƙi sun tafi. Da ɗan gari akan ci gari. Annobar korona ta ƙara fito da wannan fili. A shekarar karatu ta 2020/2021 adadin ɗaliban Amurka da suka fita waje ya faɗo zuwa 14,549, kuma shirye-shiryen da suka iya ci gaba ta intanet su ne waɗanda tun farko suke da ƙaƙƙarfar alaƙa da abokan aiki a wurin.

Hukunci

Abin da gwajin fiye da shekara hamsin ya nuna shi ne ribar ɗalibi ta fi tabbata a kan ribar al'umma. Ɗalibin da aka shirya shi, aka ba shi lokaci, aka kuma tsare shi da bita, yana dawowa da ilimin da aji kaɗai ba zai ba shi ba. Garin da ya sauke shi kuwa yana amfana ne idan shi ya zaɓi aikin, aka biya shi haƙƙinsa, hulɗar kuma ta ɗore. Saboda haka ya kamata a auna kowane kwas da ma'auni biyu: abin da ɗalibi ya koya, da abin da masu masauki suka ce ya rage musu bayan tafiyarsa. Wanda ya cika duka biyun ya cancanci sunan karatu haɗe da hidima, wanda ya cika na farko kaɗai kuwa jami'a ce ta ci moriyar garin, kuma wajibi ne ta gyara shi ko ta rufe shi.